Darasi na 9: Kewaye La'ada a Kasuwar Intanet

Duk wanda ya ɗan jima yana saye da sayarwa a intanet ya taɓa cin karo da irin wannan saƙo: "Hajiya, ba ni lambarki mu ƙarasa a WhatsApp, sai ki rage mini abin da kamfani zai cire." Wani lokaci kuma mai kayan ne ke fara kawo maganar: "Alhaji, soke odar nan ka turo ta asusuna kai tsaye, zan sauko maka." Maganar tana da daɗin ji, domin kowa na ganin shi ne zai ƙaru. A wannan darasi za mu duba abin da la'adar nan take biya, da abin da ake rasawa idan an kewaye ta, da yadda mutum zai amsa irin wannan tayi ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Kasuwa iri biyu ce

Kafin a yi hukunci sai an san a wace irin kasuwa ake. Akwai dandalin da aikinsa talla ne kawai. Jiji, wanda ya fara a Najeriya a 2014 kuma ya karɓi harkokin OLX na ƙasar a 2019, irinsa ne. Mai kaya ya saka hoto da farashi da lambar waya, mai so ya kira, su haɗu su daidaita. Kuɗin ciniki ba ya bi ta hannun kamfanin. Abin da yake samu yana fitowa ne daga masu biya don a ɗaga tallarsu sama. A nan babu la'adar da za a kewaye, tunda dama a waje ake ƙarasa ciniki. Haka yawancin cinikin da ake yi a Facebook da Instagram yake a ƙasarmu.

Iri na biyu shi ne dandalin da yake shiga tsakani. Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara a Legas a 2012, su ne misalin da muka fi sani. Mai saye ya biya kamfani, ko ya biya ɗan aikensa lokacin da kaya suka iso, kamfani ya cire kasonsa, sannan ya tura wa mai kaya sauran. Kason ya danganta da irin kayan: na waya daban, na sutura daban. A waje akwai eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, da Amazon, da Etsy na masu sana'ar hannu. Matasanmu masu zane da rubutu da fassara sun san Fiverr, wanda ke cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki. Direbobin Bolt da Uber ma a wannan layi suke, kuma su ma sukan ce wa fasinja ya soke tafiyar a manhaja su yi jinga da baki.

Darasinmu ya fi shafar iri na biyu. Duk wanda ya buɗe shago a irin wannan dandali ya danna "na yarda" a ƙarƙashin wata doguwar yarjejeniya, ko ya karanta ko bai karanta ba, kuma kusan kowace tana ɗauke da sharaɗin cewa ba za ka janye mai sayen da ka samu a nan zuwa waje don gudun la'ada ba.

Me la'ada take biya?

Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa la'ada. Tun kafin intanet, mai shanu da ya taso daga Arewa ya sauka Sabo a Ibadan ba ya sayar wa mahauta da kansa. Yana sauka ne gidan maigida, wanda zai ba shi masauki, ya sa dillalansa su nemo masu saye. Mahauta kuwa bashi suke ɗauka. Masani Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo kuma ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana cewa maigidan ne ke tsaya wa bashin: idan mahauci ya gaza biya, nauyin yana komawa kansa. Baƙo bai san mahaucin kirki da na banza ba, maigida ya sani. Saboda haka abin da ake cirewa ladan abu biyu ne, haɗa ka da mai saye, da tsaya maka idan ciniki ya lalace. Baƙon da ya bari aka nuna masa mahauci, sannan ya zagaya da dare suka yi ciniki su biyu, ya ci haƙƙin wanda ya sauke shi, kuma ranar da kuɗinsa suka maƙale ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Dandalin intanet wannan aikin yake yi, sai dai da na'ura. Shi ya kashe kuɗin talla har mutumin Fatakwal ya ga turaren wutar da aka haɗa a Maiduguri. Shi yake riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa. Shi yake ajiye tarihin ciniki: ranar oda, farashi, hoton kaya, saƙonnin da aka yi musaya, ranar da aka miƙa. Idan rigima ta tashi, wannan tarihi shi ne shaida. Kuma shi yake tara maka taurari da yabon masu saye, wanda shi ne mutuncin ɗan kasuwa a wurin da ba a ganin fuska. Cinikin da aka yi a waje ba ya ƙara maka ko tauraro ɗaya.

Mu yi lissafi

Ga misali don koyo, ba farashin wani kamfani ba ne. Wata mata tana sayar da turmin atamfa naira 30,000, dandali yana cire kashi 10 cikin 100, wato 3,000. Abin da ke shiga hannunta 27,000 ne. Mai saye ya ce su raba la'adar biyu: ya biya 28,500 a waje. Ita ta ƙaru da 1,500, shi ya rage 1,500.

Yanzu a ce ta yi irin wannan ciniki sau 20. Da a dandali ta yi, da ta tashi da 540,000. A waje kuma, sau 19 lafiya lau, ta karɓi 541,500, amma a na 20 aka turo mata alat na bogi, ta saki kaya, kuɗi ba su shigo ba. Ku cire ɗaya daga ɗaya. Duk wahalar nan da fargabar nan naira 1,500 ta bari. Idan aka sake cutarta sau ɗaya, ta koma ƙasa da abin da za ta samu a dandali. Ba mu ma sa asarar taurari 20 a lissafin ba, balle abin da zai faru idan aka rufe mata shago. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Abin da ke jiran mai sayarwa a waje

Alat na bogi shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Saƙo ne da aka tsara ya yi kama da na banki, ko hoton rasit da aka gyara a waya. Mai shi yakan zo da gaggawa: "Na tura, ga shaida, direba na jira, don Allah a ba shi." Gaggawar ita ce makaminsa. Ƙa'ida ɗaya ce a nan, kuma ba ta da togiya: saƙon waya ba kuɗi ba ne, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin sun hau da idonka. Idan aka ce matsalar sabis ce, to kaya ma su jira sabis.

Akwai kuma dabarar "na yi kuskure na tura fiye da kima". A turo maka shaidar 85,000 maimakon 58,000, a roƙe ka ka maido da 27,000 zuwa wani asusu. Ko dai kuɗin ba su taɓa shigowa ba, ko kuma daga asusun wani da aka yi wa sata suka fito. Wannan na biyun ya fi muni, domin idan mai asusun ya kai ƙara, sawun kuɗin a kanka zai tsaya, kuma banki na iya daskarar da asusunka har a gama bincike. Mutum ya wayi gari yana amsa tambayoyi kan laifin da bai san an yi ba.

Sai hukuncin dandalin kansa. Kamfanonin nan suna da na'urar da ke lura da saƙonni, tana tsinto lambar waya da lambar asusu ko da an rarraba su. Dokar eBay ta ce idan aka kama mutum yana neman kai ciniki waje, ana iya taƙaita masa shago ko a dakatar da shi, kuma ana iya cire masa la'adar ko da cinikin bai ƙarasa a can ba. Upwork yana ɗaure mai aiki da mai ba da aiki na tsawon shekara 2 daga haɗuwarsu: duk biya ta dandalin za a yi, sai in an biya kuɗin fita da kamfanin ya ƙayyade. Wanda ya yi shekara uku yana gina suna zai iya rasa shi a yini ɗaya, kuma buɗe sabon shago ba sauƙi ba ne, tunda yanzu ana haɗa rajista da katin shaida da asusun banki.

Abin da ke jiran mai saye

Mai saye ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ke fara sakin nasa. Da zarar ya tura kuɗi asusun mutum kai tsaye, ya yi cinikin biri a sama. Tura kuɗi tsakanin bankuna a Najeriya nan take yake sauka, kuma mai niyyar cuta ba ya barinsu su kwana: cikin mintuna ya watsa su zuwa wasu asusu ko ya cire a wurin mai POS. Daga nan sai waya ta daina shiga.

Ba duka ba ne ɓarayi, kuma ko da mai gaskiya ana samun matsala. An aiko da waya, ta zo allo a fashe. Mai kaya ya ce lafiya ya ba direba a tasha, direba ya ce yadda aka ba shi haka ya kawo. Wa zai raba wannan gardama? A dandali akwai wa'adin maido da kaya da tsarin maido da kuɗi. A waje kuwa sai abin da mai kaya ya ga dama. Idan ka koma wa kamfanin da kuka, abu na farko da za su tambaya shi ne lambar oda, kai kuma da hannunka ka soke ta.

A Turai da Amurka ma haka abin yake da wata siga. PayPal yana da hanyar biya iri biyu, ta sayen kaya da ta tura wa dangi da abokai. Ta farko ana cire wa mai sayarwa kuɗi amma mai saye yana da kariya, ta biyu ba ta da kariyar saye. Macuta sukan ce a bi ta biyun "don a huta da caji". Duk ɗanmu da ke sayayya a can ya riƙe wannan.

Batun fasinja da direba ya wuce kuɗi. Tafiyar da aka soke a manhaja ba ta da sawu: babu wanda ya san wace mota aka shiga, ta ina aka bi, ƙarfe nawa aka sauka. Wannan haɗari ne ga fasinja, haɗari ne kuma ga direban da bai san wa ya ɗauka ba. Ragin naira ɗari biyar bai kai a sayar da wannan ba, musamman ga mace, musamman da dare.

Ina gaskiyar masu ƙorafi?

Ba adalci ba ne a nuna kamar masu kewaye la'ada duk marasa amana ne. La'ada tana da nauyi. Mai sayar da kayan da ribarsu ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba, idan aka cire masa 10, sannan ga kuɗin kai kaya da na marufi, aikin banza ya yi. Ga jiran kwanaki kafin a sako masa kuɗinsa, alhali jarinsa kaɗan ne, juyawa yake so. Kamfani kuma yakan ƙara kaso ba tare da shawartar kowa ba. A watan Afrilun 2022 Etsy ya ɗaga kasonsa daga kashi 5 zuwa 6.5 cikin 100, dubban masu shaguna suka rufe na mako guda don nuna ƙin yarda. Direbobin manhaja a Najeriya ma sun sha yin yajin aiki kan kason da ake cire musu, musamman bayan cire tallafin fetur a 2023. Kukansu yana kan hanya.

Amma ku lura da abin da waɗannan suka yi: a fili suka fito suka ce ba su yarda ba. Wannan daban yake da mutum ya bar kamfani ya kawo masa mai saye, sannan ya lallaɓa da shi ta bayan gida. Ra'ayinmu a wannan littafi shi ne, cinikin da dandali ya kawo, dandali yana da haƙƙi a kansa. An yi alkawari, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura. Girman kamfani da yawan kuɗinsa ba su halatta cin haƙƙinsa ba. Wanda ya ga la'adar ta fi ƙarfinsa yana da hanyoyi masu tsabta: ya sa ta cikin farashi tun farko, ko ya riƙa saka kayan da ribarsu ke ɗaukarta kawai, ko ya bar dandalin gaba ɗaya ya gina kasuwarsa da kansa.

Wurin da ake yawan saɓani shi ne tsohon abokin ciniki. Mace ta sayi yaji da kuka a hannunki sau biyar ta dandali, kun saba, har kuna gaisawa. Rannan ta ga shafinki na Instagram da kanta ta yi miki magana. Shin sai kin kore ta ta koma can? A ganinmu a'a, muddin ba ke kika janye ta ba, kuma yarjejeniyar da kika sa hannu ba ta ɗaure ki da wa'adi ba. Kina da 'yancin mallakar shago a wuri fiye da ɗaya. Abin da ba ki da shi shi ne amfani da saƙon dandali, ko odar da ke kan hanya, wajen cewa "bar nan, zo can". Ki karanta sharuɗɗan dandalinki a kan wannan, domin sun bambanta, har a kan saka katin shago cikin ƙunshin kaya.

Lambar waya amana ce

Mai saye ya ba da suna da lamba da adireshin gida don a kai masa kaya, ba don komai ba. Ɗaukar lambar a jefa shi cikin zauren WhatsApp na talla ba tare da izininsa ba rashin ladabi ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum a kan abin da ba don shi aka karɓa ba. Mafi muni shi ne namiji ya samu lambar matar aure ko budurwa ta hanyar ciniki ya mai da ita ta hira. Irin wannan ya sa mata da yawa, waɗanda sana'ar intanet ta buɗe musu ƙofar neman na kansu daga cikin gida, aka hana su ci gaba. Wanda ya yi haka ba mutum ɗaya ya cuta ba.

Yadda ake ƙin tayi

Mai kawo shawarar sau da yawa ba mugu ba ne, sauƙi yake nema. Don haka ba a amsa masa da zargi. Ku karanta wannan hira, mutum biyu su ɗauki murya:

"Salamu alaikum Hajiya, na ga leshin nan. Ba ni lambarki mu yi magana a waje, cajin nan ya yi yawa."

"Wa alaikumus salam Alhaji, na gode da tayi. Wallahi na san da nauyi, ni ma ina jin sa. Sai dai na yi alkawari da su, kuma in muka bi ta nan kuɗinka suna ajiye har kaya su iso hannunka ka gani."

"Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?"

"Subhanallah, ba haka ba ne ranka ya daɗe. Ƙa'idata ce ga kowa, ko ƙanina ne. Amma in za ka ɗauki biyu, zan rage maka a nan ɗin."

"To shi ke nan, Allah ya sa albarka."

"Amin, Allah ya bar zumunci."

Ku lura ba ta ce masa macuci ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Ta jingina ƙin ga ƙa'idarta, ta nuna masa amfaninsa a ciki, ta ba shi ragi ta halastacciyar hanya. Mai gaskiya yakan karɓi wannan. Wanda ya hau fushi, ko ya dage sai dai a waje, ko ya kawo labarin cewa katinsa ne ya ƙi aiki, ya riga ya ba ka amsar da kake nema. Idan kai ne mai saye kuma mai kaya ya matsa, ka bar cinikin, kana kuma iya sanar da dandalin.

Idan cinikin dama na waje ne

A dandalin talla irin Jiji, aikin da kamfani ba ya yi kai za ka yi wa kanka. Kada ka ba da kafin alƙalami ga wanda ba ka sani ba. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, ka tafi da wani. Waya ce, kunna ta, sa layinka, gwada kyamara da caji, ka nemi kwali da rasit, domin sayen wayar sata yana kai mutum ofishin 'yan sanda. Sunan da ke kan asusun da za ka tura wa kuɗi ya dace da sunan wanda ke gabanka. Idan garin nesa ne, ka nemi ɗan'uwa ko amini a can ya je ya gani da ido kafin ka biya. A rubuta abin da aka daidaita a saƙo, ba a kiran waya kawai ba: irin kaya, adadi, farashi, wanda zai biya kuɗin mota, da wanda zai ɗauki asara in sun lalace a hanya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, har ta yi maganar shaida a wurin ciniki.

Idan kuma an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Kira bankinka nan take ka ba da lambar asusun da kuɗin suka tafi, domin kowace awa tana rage damar tare su. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, ɗauki hotonsu duka, tunda Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura. Kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan kuwa rigimar da kamfani ce ko shago mai rajista, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Aiki

Sake lissafin matar atamfa, amma a wannan karo la'adar kashi 15 cikin 100 ce, an raba ta biyu, kuma an cuce ta sau 2 cikin 20. Nawa ta samu, nawa za ta samu da ta tsaya a dandali?

Ku kasu gida biyu a aji ku tattauna batun tsohuwar abokiyar ciniki da ta nemi mai kaya da kanta. Ɓangare ɗaya ya kare haƙƙin dandali, ɗaya ya kare mai kaya, kowa ya kawo hujja daga abin da ya sani a kasuwar garinsu.

Kafin darasi na gaba, kowa ya tambayi wani dillali a unguwarsu, na gida ko na dabbobi ko na hatsi, abin da ake yi idan mai saye da mai sayarwa suka zagaye shi bayan ya haɗa su. A rubuto amsarsa cikin layi biyar.